Doki Kawun Alfadari: Me Ke Hana Wani Jinsi Haihuwa da Wani?

Duk mai waya a hannu ya taɓa cin karo da irin hoton nan. Ga ɗan akuya kwance a kan buhu, ko ya riga ya mutu ko yana shure-shuren ƙarshe, fuskarsa a shafe, hanci ya lotsa, idanu sun matso gaba kamar na mutum. Jama'a sun yi cincirindo, wasu na salati, wasu na ɗauka a waya. Kafin la'asar labari ya zaga gari, wai akuya ta haifi mutum. Kafin magariba kuma an fara yi wa yaron da ke kai awakin kiwo wani irin kallo. Wani lokaci abin ba ya tsayawa a kallo.

Idan gardama ta kaure a majalisa, ba a rasa wani mai ɗan karatu da zai kawo hujja, ya ce ai masana da kansu sun faɗa, mu da dabbobi ƙwayoyin gadonmu kusan ɗaya ne, wani biri ma ya haura kashi 98 cikin ɗari. Lambar da ya kawo gaskiya ce. Hukuncin da ya ɗora a kanta ne ba shi da ƙafar tsayawa, kuma ba sai mun je ɗakin bincike ba kafin mu fara ganin haka. Bayan gida ya isa.

A leƙa turken dabbobi a kowane ƙauye. Tumaki da awaki wuri ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke cin dusa, yaro ɗaya ke kora su daji. Wajen shekara dubu goma ke nan ɗan Adam yana kiwon su, mafi yawan lokaci a haɗe. Bunsuru kuwa kowa ya san ba shi da kunya, yakan bi tunkiya, rago ma yakan hau akuya. Da a ce kama da kusanci su ne ke yanke hukunci, da yanzu kasuwannin dabbobi sun cika da abin da ba rago ba, ba bunsuru ba, har malamai su rasa fatawar layya. Amma babu. Cikin yakan shiga wani lokaci, musamman idan rago ne ya hau akuya, sai dai ɗan tayin yakan mutu tun cikin watannin farko, mai akuya ya wayi gari ya ce ta yi ɓari, bai san dalili ba. Wanda ya rayu abin labari ne a duniya. A shekarar 2000 likitocin dabbobi a Botswana sun ba da rahoton wani da akuya ta haifa wa rago, jikinsa ulu daga ciki, gashin akuya daga waje. Ya girma lafiya lau, ya dame garke da barbara, amma bai taɓa ba wata ciki ba.

Doki da jaki fa? Su kam an daɗe da sanin suna haihuwa. Larabawa na da karin magana cewa an tambayi alfadari wane ne ubansa, sai ya ce doki kawunsa ne. Ba ƙarya ya yi ba, ya dai ɓoye rabin zancen: uwarsa goɗiya ce, ubansa jaki. Dabba ce mai daraja a tarihi. An ambace ta tare da dawakai da jakuna a Suratun Nahli, littattafan sira sun kawo labarin alfadarar nan Duldul da Muƙauƙis na Masar ya aiko wa Annabi (SAW), fataken goro da ke bin hanyar Gwanja ma sun yi safara da alfadarai. Ya ɗauko girman uwa, ya ɗauko juriyar uba da ƙarancin cinsa. Abu ɗaya ya rasa, shi ne zuriya. Romawan dā idan za su ce abu ba zai taɓa yiwuwa ba, sai su ce sai ranar da alfadara ta haihu.

Dalilin yana cikin yadda aka ɗaure kayan gado a jiki. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da dogon rubutu da ake kira DNA, wanda a ciki aka tsara launi da tsawo da yadda hanta za ta yi aiki da komai da komai. Rubutun ba a warwatse yake ba, an ɗaure shi dami-dami, kowane dami ana ce masa kuromosom. Damman nan bibbiyu suke zuwa kamar takalmi, ƙafa ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mutum yana da 46, akuya 60, tunkiya 54, doki 64, jaki 62. Goɗiya ta ba da 32, jaki ya ba da 31, alfadari ya tashi da 63. Wancan ɗan Botswana shi ma da aka ƙirga 57 aka samu, wato 30 na akuya da 27 na rago.

Wajen gina jiki wannan haɗin gambiza bai hana alfadari komai ba. Ƙwayoyin tsoka da ƙashi kwafar duk abin da suka tarar kawai suke yi. Matsalar tana tasowa ranar da jiki zai ƙera maniyyi ko ƙwai, domin a nan dole kowane dami ya nemo ɗan'uwansa, su jeru kafaɗa da kafaɗa, su yi musayar wasu sassa, sannan a raba su gida biyu daidai. A tuna ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan an sallame. Idan takalman duk ƙafa bibbiyu ne, kowa zai zura nasa ya wuce. A jikin alfadari kuwa na dama na doki ne, na hagu na jaki, girma ba ɗaya ba, ɗinki ba ɗaya ba, ga kuma guda ɗaya da ba shi da abokin tafiya kwata-kwata. Sai aikin ya cije. Nadiran akan samu alfadara mace da ta tsallake wannan shinge ta haihu, kamar yadda aka gani a Maroko a 2002 da jihar Kolorado ta Amurka a 2007, amma namiji ba a taɓa tabbatar da ya haifa ba.

A nan mutane da yawa ke tsayawa, su ce to ashe lissafi ne: lamba ta zo ɗaya a haihu, ta saɓa a rasa. Da haka ne da an huta. A filayen Mongoliya akwai wani dokin daji gajere mai tsayayyar geza, ana kiransa dokin Przewalski. Kuromosom ɗinsa 66, na dokin gida 64. Tazarar daidai take da wadda ke tsakanin doki da jaki. Amma idan suka haɗu, ɗan yakan zo da 65, kuma ya haihu ba tare da wata matsala ba. Abin da ya faru shi ne damman guda biyu na dokin dajin su ne aka ɗinke suka zama ɗaya a dokin gida, rubutun da ke ciki bai sauya tsari ba, don haka suna gane juna. Na jaki kuwa an yanyanka, an jujjuya, an sauya wa sassa da dama mazauni cikin shekara wajen miliyan huɗu da masana ke lissafin rabuwarsa da doki.

Ga kuma akasin haka a gonar shinkafa. Shinkafar Afirka ta asali, wadda aka fara nomawa a yankin kogin Kwara a ƙasar Mali ta yau, da shinkafar Asiya da ta mamaye kasuwa, kowacce kuromosom 24 gare ta. A ido 'yan'uwan juna ne. Amma in aka haɗa su, tsiron da ya fito sai ya yi zangarniya ba ƙwaya, ƙaiƙayi zalla. Wannan ne ya sha kan masu bincike shekara da shekaru, har sai da Monty Jones, ɗan Saliyo, da abokan aikinsa a cibiyar binciken shinkafa ta Afirka ta Yamma da ke Kodebuwa suka bi ta bayan gida a shekarun 1990. Suka riƙa ciro ɗan ƙwayar tun yana jariri kafin ya mutu, su raine shi a kwalba, su sake aura shi da shinkafar Asiya, har suka samu iri mai haihuwa. Shi ne NERICA, wanda ɗaya daga cikin ire-irensa manoman Najeriya suka sani da FARO 55. Aikin ya ja masa babbar kyautar abinci ta duniya a 2004.

Wani lokaci ma ƙwayar gado ɗaya tak ke rufe ƙofa. A tsakiyar Turai akwai ɓerayen gida iri biyu da ba mai bambance su sai gwani. Idan aka haɗa wasu daga cikinsu, 'ya'ya mata sukan haihu, mazan kuwa babu maniyyi. A 2009 masu bincike a birnin Prag suka gano babbar mai laifin, wata ƙwayar gado mai suna Prdm9, wadda aikinta shi ne nuna wa damman nan inda za su yi musaya. Ta wannan gida ba ta karanta alamar wancan gida da kyau, shi ke nan.

Lura da yadda abin ke faɗa wa maza. Tun 1922 wani masani ɗan Birtaniya, J.B.S. Haldane, ya lura cewa a dabbobi masu shayarwa, idan ɗaya daga 'ya'yan gamin jinsi zai rasa haihuwa, to namijin ne. A tsaunukan Tibet da Nepal makiyaya suna haɗa saniya da wani sa mai dogon gashi da suke kira yak, macen ta ba da nono ta haihu, namijin sai dai huɗa da dako. Haka ɗan zaki da damisar Asiya da ake haifa a gidajen namun daji. A tsuntsaye kuwa abin juyawa yake yi, matan ne ke shan wahala.

Kafin ma a kai ga batun ɗa ya haihu ko bai haihu ba, akwai ƙofofi a gaba, kuma yawancin jinsuna tun a ta farko suke tsayawa: ba sa sha'awar juna. Na taso na ga kakata tana zuba wa kaza ƙwan zabi, tunda zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Kazar ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da 'yan tsaki masu zane a ka, tana yi musu tono, tana kare su daga shirwa. Amma ranar da suka girma sai su bi kiran 'yan'uwansu, su bar ta tana ƙyarƙyara. Kakata takan ce, “Ka gani ko, ɗan nan? Riƙo daban, jini daban.” Akan samu zakara ya taka zabuwa har a ƙyanƙyashe wani abu mai kama da su biyun, amma ba kasafai ba, kuma ba ya haihuwa.

Sauron zazzaɓin cizon sauro ya fi kowa nuna ƙarfin wannan ƙofa. Manyan masu yaɗa cutar a yankinmu guda biyu, gambiae da coluzzii, ko a madubin likita ba a bambance su da siffa, sai a 2013 aka ba na biyun sunansa na kansa don tunawa da Mario Coluzzi, ɗan Italiya da ya yi nazarin sauron Najeriya da Mali. In aka kulle su a keji ɗaya suna barbara, 'ya'yansu kuma su haihu. A waje kuwa da wuya su haɗu. An lura a Mali cewa da magariba mazan gambiae sukan yi gungu a saman fili fetal, na coluzzii kuma a saman wata alama kamar rijiya ko tarin itace, kowace mace ta nufi dandalin danginta. Sai dai shingen yana da ɓaraka, kuma ɓarakar ta shafe mu. A wajen 2006, daidai lokacin da aka yawaita rabon gidan sauro mai magani, masu bincike sun ga ƙwayar gadon jure maganin ƙwari ta tsallaka daga gambiae zuwa coluzzii a wani ƙauyen Mali ta hanyar 'yan tsirarun 'ya'yan gami, ta kuma bazu cikin 'yan shekaru.

Ƙofa ta biyu tana jikin ƙwan mace. Yana da ɓawo da ke tantance maniyyin da zai shiga, a can ciki kuma akwai wasu sinadarai biyu, ɗaya a kan maniyyi ɗaya a kan ƙwai, da dole su kama juna kamar kwado da ɗan makulli. Na maniyyi Japanawa suka gano shi a 2005, na ƙwai kuma aka gano shi a Ingila a 2014. Ta uku ita ce mahaifa, inda jikin uwa da mabiyiyar ɗa za su yi wata da watanni suna ma'amala, in ba su fahimci juna ba ciki ya zube. Wannan na cikin dalilan da ake ganin sun sa dabbobi masu shayarwa ke saurin rasa ikon haihuwa da danginsu na nesa, alhali kifi da tsuntsu da kwaɗo, da ke zuba ƙwai a waje, sukan daɗe ƙofarsu a buɗe. Masu kiwon kifi a Najeriya sun san wannan a aikace, suna haɗa ƙwan tarwaɗa da maniyyin ramboshi a roba don samun kifi mai saurin girma. Abin da ya fi ban mamaki a Hangari ya faru, aka wallafa a 2020: masu bincike suka zuba maniyyin wani kifin Amurka mai dogon baki a kan ƙwan wani kifin Rasha, da tabbacin ba abin da zai fito, sai ga ɗaruruwan 'ya'ya suna iyo. A lissafin masana, kakannin kifayen nan biyu sun rabu fiye da shekara miliyan 180. A Dubai kuma sai da aka sha wahala, aka yi ta ɗura maniyyi da hannu, kafin a 1998 a samu ɗa tsakanin raƙumi da wata danginsa marar tozo ta Kudancin Amurka, duk da cewa su biyun kuromosom 74 gare su.

Inda shingen ya yi ƙasa sosai, mun daɗe muna cin moriyarsa ba tare da mun sa masa suna ba. Shanu masu tozo asalinsu ƙasar Indiya, marasa tozo kuwa reshe ne daban, kuma rassan biyu sun rabu tun kafin ɗan Adam ya fara kiwo. Duk da haka suna haihuwa da juna ba wata tangarɗa. Da aka binciki gadon da ke bin layin uwa kaɗai a shanun Afirka, sai aka tarar duka na marasa tozo ne, har a jikin Bunaji da Gudali da Rahaji. Ma'ana bijimai masu tozo ne aka shigo da su, suka hau shanun da suka tarar, aka wayi gari da garken da Bafulatani ke alfahari da shi yau. Keteku na ƙasar Yarbawa gamin Muturu ne da shanun Fulani. A Shika kusa da Zariya an daɗe ana haɗa Bunaji da shanun Turai masu nono. Sai dai wannan sauƙin yana da nasa hasara. Shanun Kuri na tafkin Chadi, masu kumburarren ƙaho da ke iyo tsakanin tsibirai, suna narkewa a hankali cikin shanu masu tozo, Muturu ma da ke jure sammore haka. Ni a ganina wannan ya fi cancantar a yi cincirindo a kansa fiye da mataccen ɗan akuya.

Manomin gero shi ma yana da nasa labarin. Shibra da ke fitowa a gona, mai siririn kai da ke kakkaɓe ƙwayarsa tun kafin girbi, jinin geron daji ne da iska ke kawowa cikin na gida, har masana na ƙasashen waje sun ari kalmar daga Hausa suna amfani da ita a rubuce-rubucensu. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano kuwa ita kanta alfadara ce da ta yi sa'a. Wasu tsirran daji biyu ne a Kudancin Amurka, kowanne da kuromosom 20, suka haɗu, sannan damman ɗan suka ninka suka zama 40, kowane takalmi ya samu abokinsa, haihuwa ta buɗe. Alkamar burodi ma haka, jinsi uku ne a cikinta, 14 sau uku, 42. Tsirrai suna jure irin wannan ninki. Dabba mai shayarwa ba ta jurewa.

To mu koma kan kashi 98 ɗin nan. Da aka kammala karanta DNA na birin cimfanzi a 2005, an tarar a wuraren da rubutunsa da namu ke jeruwa, bambancin bai wuce kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari ba. Amma rubutun harafi wajen biliyan uku ne, don haka wannan ɗan kason ya kai harafi miliyan 35, ban da sassan da wani ke da su wani babu, da waɗanda aka juya kai ƙasa. Shi yana da kuromosom 48, mu 46. Mai karatun ajami ya san ɗigo kawai ke raba ba da ta, balle miliyoyi. Idan ƙwayar gado ɗaya ta isa ta hana ɓera haihuwa, ina amfanin kafa hujja da kaso? An ma taɓa samun wanda ya gwada wannan aika-aika. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Ivanov, ya je Gini a zamanin mulkin Faransa, a 1927 ya ɗura wa biran cimfanzi mata uku maniyyin mutum. Ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba. Wannan fa dabbar da ta fi kowace kusa da mu ke nan a tsarin jiki. Akuya kuwa, wadda ko da tunkiyar da suke kwana turke ɗaya ta kasa daidaitawa, tsakaninta da mutum babu ƙofa ko ɗaya da ke buɗe: maniyyin ba zai huda ƙwan ba, balle a yi zancen ɗan tayi.

Abin da ke kwance a kan buhun nan ɗan akuya ne, uwarsa akuya, ubansa bunsuru, halittarsa ce ta samu tawaya a ciki. Fuskar akuya doguwa ce, in ƙashin hanci da muƙamuƙi bai fito ba sai ta zama shafaffa, idanu su matso gaba, idonmu kuma da ya saba neman fuskar mutum ko a jikin gajimare ya ƙarasa sauran. Sanadin yana da yawa. A jihar Aidaho ta Amurka, a shekarun 1950, tumaki suka riƙa haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, aka shafe fiye da shekara goma ana bincike kafin a gano wata ciyawar tsauni ce da suke ci a wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki. A Jamus a 2011 wata ƙwayar cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta sa tumaki da awaki da shanu haihuwar 'ya'ya a karkace. Akwai kuma barin bunsuru ɗaya yana hawan uwarsa da 'ya'yansa shekara da shekaru, wanda ya zama ruwan dare a gidajenmu.

Saboda haka, mai karatu, ranar da aka turo maka irin wannan hoto, kada ka tura wa na gaba. In kuma a unguwarku abin ya faru, a kira malamin dabbobi ya duba uwar, a tambayi inda ta yi kiwo da maganin da aka ba ta tana da ciki, a sauya bunsurun garken, a binne gawar da nisa kada karnuka su tone. Yaron da ke kiwo kuma a ƙyale shi, ba shi da hannu a ciki.